Ranar da Kwaɗon Gwaggo Ya Wanke Ni

Akwai wani wasa da Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974, sunansa Dungeons & Dragons. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayi: wannan jarumi, wancan boka, wani ɓarawo. In an iske ƙofa a kulle, sai ɓarawon ya jefa dayis mai fuska 20, a haɗa da makin gwanintarsa. Kwaɗo na gama-gari 15 yake nema. Da an kai, ƙofa ta buɗe.

Ɗan ƙanwata ne ya kawo mana wasan har Yelwa da hutun jami'a, ya kuma ba ni matsayin ɓarawo, wai Kawu ne mai siraran yatsu. Kafin hutu ya ƙare na fasa kurkukun sarakuna da taskar aljannu ban ko tashi daga tabarma ba. Har na fara yi wa ƙofofin mutane kallon raini.

Ana cikin haka na je gaida Gwaggo a Shanga, na tarar da gida a hargitse. Makullin ɗakin da take ajiye bandar kifi ya suɓuce daga bakin zanenta wajen shiga kwale-kwale, kogi ya karɓe abinsa. Ga mai saye ya taso tun daga Kontagora, yana ta duba agogo.

"Gwaggo, kada a kira kowa. A ba ni waya biyu kawai."

"Kai ɗan nan, yaushe ka zama maƙeri?"

Na yi murmushin manya, na durƙusa. Ilimin kam ina da shi. Irin wannan kwaɗo, wanda Linus Yale ƙarami ya kyautata a shekarun 1860, wasu 'yan ƙusoshi ne jere a cikinsa, kowace da tsawonta, ƙarfe mai tsalle yana danne ta. Haƙoran makulli ke ɗaga su daidai, sannan ciki ya juya. Mai waya kuwa sai ya ɗan murɗa da ɗaya, ya bi su ɗaya-ɗaya da ɗayar, yana jin motsinsu a yatsa. Duk wannan na yi wa jama'a bayaninsa da babbar murya, don kafin in lanƙwasa wayar yara sun cika zaure.

Abin da dayis ba ya lissafawa shi ne tsatsa. Kwaɗon Gwaggo ya sha damina da raɓar bakin kogi har ya yi ja. Ba ya lissafa zufa mai shiga ido, ko ƙudan da warin kifi ya gayyato, ko tsoho mai sanda da ke cewa "murɗa hagu" alhali kana murɗa hagun. Na tura, na jujjuya, na kara kunne kamar mai sauraron cikin kankana. Can na ji ƙas! Na ɗago kai ina shirin karɓar tafi, sai na ga rabin waya a hannuna, rabi a ciki.

Daidai nan abokiyar zaman Gwaggo ta dawo daga unguwa, ta kwance makulli na biyu daga zanenta. Aka zura, ya ƙi shiga. Wayata ta riga shi.

Na yi ƙoƙarin kare kaina da tarihi. Na ce a 1851, a Landan, gwanin duniya Alfred Hobbs sai da ya ci awa 51 cikin kwana 16 kafin ya buɗe kwaɗon Bramah.

"Shi ma kifi ke ciki?" in ji mutumin Kontagora.

Aka aika kiran kafinta. Ko kallon kwaɗon bai yi ba. Ƙusoshin da suka riƙe maratayinsa a jikin katako ya zare da bayan guduma, ƙofa ta wangale. Kuɗin aikinsa da na sabon kwaɗo duk daga aljihuna suka fita.

Ina karkaɗe gwiwa sai tsohon nan mai sanda ya dafa kafaɗata.

"Malam, gode wa Allah da bai buɗu ba. Da ya buɗu, duk ranar da aka fasa shago tsakanin nan da Wara, gidanka za mu fara zuwa."