Kuran Ɗin Buntun Shinkafa

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, masifa uku suka haɗu mana a Gaya. An rufe gadar da ke kai mu Malanville, tirelolin kaya suka yi jerin gwano a ƙetaren kogi. Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha. Man ruwa-ruwa da ke shigo mana ta Kamba kuwa, tun da Tinubu ya janye tallafi a watan Mayu ya daina gaisawa da talaka. Ni ko sana'ata sayar da ƙanƙara da cajin waya: firigo biyu, gurup ɗaya, da iyalin da ke cin abinci ko da kuran ko babu.

Ƙanena ɗan boko ne ya kawo shawarar. Ya ce a Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yi wuya, motoci wajen miliyan ɗaya a Turai da itace suka yi ta gudu, da wata tukunya mai suna gazojen, irin wadda wani Bafaranshe Georges Imbert ya ƙera. Dabarar ita ce a kunna itace a hana shi isasshiyar iska, hayaƙin ya ratsa ta cikin jan garwashi ya koma gas mai kamawa da wuta. A sanyaya shi, a tace, a ɗura wa inji.

"Yaya, hayaƙi ne fa kawai," in ji shi.

Hayaƙi kuwa ba mu taɓa rasa shi a gidanmu ba.

Na bi 'yan gwangwan na haɗo tanon mai, da tsohuwar tukunyar gas, da lagireton tirela, da bututun salansa, da bokitin fenti da za a cusa wa tsumma ya zama matata. Mai walda ya juya takardar zanen sama da ƙasa, ya dube ni.

"Malam, tukunya ce ko bindiga? In bindiga ce kuɗinta daban."

Ba shi kaɗai ya yi wannan zaton ba. Lokacin ne CEDEAO ke barazanar turo sojoji, ga ni kuma na kafa tano a ƙofar gida da dogon bututu ya kalli kogi. Mai unguwa ya aiko a tambaya. Da na yi bayani, ɗan aiken ya koma ya ce ba makami ba ne, amma a sa ni a addu'a.

Da buntun shinkafa muka fara, tunda a injin casa kyauta ake kwasarsa. Abin da ƙanena bai karanta ba sai daga baya shi ne, wajen kashi ɗaya cikin biyar na buntu toka ce, tokar ma kusan yashi. Ta narke ta dunƙule ta toshe rariyar ƙasa. Sai muka koma ƙodagon giginya, wanda yankinmu na Dallol Mawri ba ya rasawa. An ce sai busasshe ƙarau. Ana tsakiyar damina a garin da ya fi kusan ko'ina ruwan sama a Nijar, ina zan samo busasshe? Na so in shigar da injin zaure saboda ruwa, ƙanena ya rantse gas ɗin guba ne mai kashe mutum a cikin barci ba tare da ya ji warinsa ba. Muka bar shi a waje, unguwa ta raba hayaƙin da mu: wani rawaya mai kauri, mai sa akuya tari.

Ran da wuta ta kama a bakin bututu, shuɗiya shar, yara suka ɗau tafi. Na cire hula, na fara yi wa jama'a bayanin kimiyya. Don in nuna musu cikin abin, sai na ɗaga murfin tano. Iska ta shiga ta iske gas. Fuf! Murfi ya tashi ya sauka a rufin maƙwabci, gashin girata da rabin gemuna suka bi shi. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, sake yi, ban gani da kyau ba."

Duk da haka da magariba gurup ya tashi. Wallahi ya tashi, ina da shaidu. Ƙwan lantarki ya kawo, waya ta fara caji. Da na jona firigo sai gurup ya yi gurnani ya sunkuya, don gas ɗin itace kusan rabinsa iska ce da ba ta ci, inji ba ya samun ƙarfin da yake samu da fetur. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, in ɗora tuwo a kan wutar bututun nan, ko ita ma ta baƙi ce?"

Da safe na ja igiyar gurup, ta ƙi motsi. Na ja da hannu biyu, gurup ɗin ya taso ya biyo ni. Bakanike ya kwance kan injin, ya sa yatsa ya lakato wani baƙin abu mai danƙo, ya ɗaga shi a rana. Ɗanyen ƙodago bai bar garwashi ya yi zafin da zai cinye kwaltar da ke cikin hayaƙi ba, ta wuce tsumman bokiti, ta kwana a injin ta daskare, ta liƙe komai.

"Malam, hanya kake son yi masa a ciki?"

Na ce laifin damina ne. Ƙanena ya ce na mai walda ne. Mai walda ya zo ya kwance lagireto a bakin ragowar kuɗinsa.

A watan Maris na 2024 Nijeriya ta maido da wuta. Tanon yanzu uwargida ke turara shinkafa da shi, tana kuma yaba shi a gaban mutane. Gurup yana wurin bakanike. Duk wanda ya kai gyara sai ya buɗe masa ya nuna, ya faɗa masa unguwarmu, ya kuma kwatanta gidan.