Na'urar Karatu Ko Tablet: Yadda Za Ka Zaɓa Ba Da-na-sani

Kafin ka sa hannu a aljihu, tambayi kanka tsakani da Allah: karatu kake so ka yi, ko kallo da hira kake nema da sunan karatu? Amsar nan ita ce rabin cinikin.

Da farko, fita da na'urorin biyu tsakar gida da azahar. Allon iPad ko Galaxy Tab idan ya haɗu da rana, fuskarka kawai za ka gani a ciki. Ita kuwa na'urar karatu, irin Kindle Scribe mai inci 10.2 da ta fito a 2022, ko Kobo Elipsa mai inci 10.3, allonta na E Ink ne. Ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da farare ke jeruwa su zama haruffa, rana na ƙara ƙwallewa, rubutu na ƙara fitowa tar.

Na biyu, tuna yadda wuta take a unguwarku. Allon E Ink ba ya cin caji sai za a juya shafi, shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni. Tablet kuwa kamar awa 10 zai yi, daga nan sai ka nufi shagon mai caji ka bi layi.

Na uku, duba irin littattafanka. Idan PDF ne, musamman manyan littattafan Larabci da aka ɗauka a hoto, masu wasulla da sharhi a gefe, kada ka yarda da ƙaramar na'ura mai inci 6. Za ka wuni kana jawo shafi kana turawa. Nemi mai inci 10, in da hali ma Boox mai inci 13.3, wadda ta kusa faɗin takardar A4. Manyan nan suna karɓar alƙalami, ka ja layi ka yi ta'aliki a gefe.

Na huɗu, wanda ya fi duka: san halin zuciyarka. A tablet, kana buɗe babi na ɗaya saƙo zai shigo daga zauren WhatsApp na dangi, kafin ka farga an kira magariba kana shafi na biyu. Na'urar karatu tana da nawa, bidiyo ba ya tafiya daidai a kanta, kuma wannan nawar ce alherinta. Daga kai sai littafinka.

Amma a ba tablet haƙƙinsa. Idan darasinka na bidiyo ne, ko zane mai launi irin na ɗaliban likitanci, ko na'ura ɗaya za ku raba da yara, shi ne naka. Kuma ka sani babbar na'urar karatu ba ta da araha, kuɗinta kan kamo na tablet mai kyau.

To, in littafi kake son kaiwa ƙarshensa, sayi na'urar da ba ta iya komai sai littafi. Sauran hidimomin, wayar aljihunka ta ishe su.