Yadda Baƙon Taro Zai Je Kartahena Ya Dawo da Saura a Aljihu

Duk wanda takardar gayyatar taro a Kartahena ta iso masa, aikinsa na farko shi ne ya duba tikitinsa da kyau. Garuruwa biyu ne suka shahara da wannan suna, wanda ake rubutawa Cartagena: ɗaya a Sifaniya, ɗaya a Kolombiya, a gaɓar Tekun Karebiyan. Na biyun ake nufi, kuma alamar filin jirginsa CTG ce. Wanda ya nufi na Sifaniya da babbar rigarsa da takardar jawabinsa zai ga teku, amma ba zai ga taro ba.

Ɗan Nijeriya yana buƙatar biza, kuma ya riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Babu jirgin da ke tashi daga Afirka ta Yamma kai tsaye, sai an yada zango, sau da yawa har da Bogota, babban birnin ƙasar, wanda ke bisa tsaunuka, sama da mita 2,600. Can sanyi ake yi, don haka rigar sanyi ta zauna a jakar hannu. Bayan tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi baƙo zai sauka a filin jirgin Rafael Núñez, zafi ya tarbe shi tun daga matakala.

Bakano zai ce shi ba baƙon zafi ba ne. Gaskiyarsa, amma zafin Kartahena mai laima ne: ma'auni bai cika wuce digiri 32 ba, sai dai gumin ba ya bushewa. Shadda mai sitaci kan sallama kafin azahar. Yadi mara nauyi ya fi, da hular rana da gorar ruwa. Rigar sanyin nan kuma kada a cusa ta ƙasan akwati, domin na'urar sanyaya zauren taro za ta sa a neme ta. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar teku kan kawo sauƙi, Oktoba kuwa watan ruwa ne.

Agogon Kano yana gaba da awa 6. Ya kamata a ja kunnen mutanen gida tun kafin tafiya, in ba haka ba gaisuwar ƙarfe 8 na safe za ta iske maigida ƙarfe 2 na dare. Wutar garin bolt 110 ce, soket ɗin kuma irin na Amurka, saboda haka caja mai baki uku tana buƙatar adafta. Alƙibla tana gabas maso arewa.

Sai batun kuɗi, inda ake yawan zabura. Kuɗin ƙasar peso ne, amma alamarsa $ ce, irin ta dala. Baƙon da ya ga dubbai a gefen kofin shayi kada gabansa ya faɗi, dala ɗaya peso dubbai take canjawa. Tasi ruwan ɗorawa ce kuma ba ta da mita, sai an yi ciniki kafin a shiga, abin da ba sai an koya wa Bahaushe ba. A bakin teku na Bocagrande wani zai miƙo kawa ya ce ɗanɗano ne, wata ta fara matsa masa kafaɗa ba a kira ta ba, lissafi kuma ya biyo baya. Maganinsu a tambayi farashi kafin abu ya taɓa baki ko jiki. Cikin tsohon gari akwai samari masu ɗauke da sifika, suna bin mutum suna ƙirƙira masa waƙa nan take, tamkar maroƙa a gidan biki. Wanda ya tsaya ya yi murmushi ya ɗauki bashi.

Abinci ba zai ba shi wahala ba: soyayyen kifi, shinkafar kwakwa, dakakkiyar filanten da aka soya, da wainar masara mai ƙwai a ciki da suke kira arepa de huevo. Naman alade yana da yawa a girkin ƙasar, don haka Musulmi ya haddace sin cerdo, wato ban da naman alade, ya kuma tambayi irin naman da ke cikin wainar. Kashi 10 da ake ƙarawa a takardar kuɗin abinci tukuici ne na ganin dama.

Babbar asara ita ce baƙo ya ƙare kwanakinsa tsakanin otal da zaure. Babban zauren taron birnin yana unguwar Getsemaní, inda a 2016 Shugaba Juan Manuel Santos ya sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen FARC. Daga ƙofarsa tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa zuwa Hasumiyar Agogo, mashigar tsohon garin da Pedro de Heredia ya kafa a 1533. Ganuwarsa, mai tsawon kusan kilomita 11, an gina ta ne saboda maharan teku irin su Francis Drake, wanda ya washe garin a 1586. A 1741 rundunar Birtaniya ƙarƙashin Edward Vernon ta zo da ƙarfinta, ta kasa cin ganuwar tudun San Felipe, ta koma. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1984.

Da baƙo ya shige ƙarƙashin hasumiyar zai tsinci kansa a dandalin Plaza de los Coches, inda yanzu ake sayar da alewa. A nan aka riƙa cinikin bayin da aka kwaso daga Afirka, kuma ɗan Afirka bai kamata ya ratsa wurin yana latsa waya ba. Mata masu riguna kala-kala da zai gani suna tallan kayan marmari a ka, asalinsu daga San Basilio de Palenque ne, kimanin kilomita 50 daga birni, garin da bayin da suka gudu suka kafa, wanda ake danganta tushensa da jagoransu Benkos Biohó. Har yau suna da harshensu. Hoto da su sana'arsu ce, don haka a nemi izini, a daidaita farashi, a biya cif. Nan kam kada a tsananta ciniki, a tanadi wannan gwanintar domin direban da zai mayar da mutum filin jirgi.