Zuwa ga Uwargida, Girafik ɗin Cikin Kwamfutata

Ranki ya daɗe,

Ya muka ji da zafin nan da duwatsun Dutse ke ta furzarwa? Na san kin ji motsi a ɗakin ƙasa, fanka biyu na ta juyi. Gara ki ji daga bakina: na yi miki kishiya.

Wallahi ba raini ba ne. Tare da furosesa kika shigo gidan nan, ko sisi ban biya sadakinki ba. Takardun ɗaliban Jami'ar Tarayya da katunan ɗaurin aure duk ke kika haska min su, ba gori ba mita. Ranar da na zauna tace bidiyon hawan sallar Sarkin Dutse ne asiri ya tonu. Dawakan da suka yi sukuwa a fili sai ga su suna tafiyar hawainiya, mai algaita ya kumbura kumatu ya daskare a haka har na sha shayi na dawo. Na san dalili: ba ki da rumbun kanki, a RAM kike ɗibar awo, ke da furosesa kwano ɗaya kuke ci.

Amaryar daga Kano na ɗauko ta, sunanta GTX 1050 Ti. Bazawara ce, haihuwar 2016, amma ta zo da gararta: rumbu mai gig 4 nata na kanta. Cinta wat 75 ne, daga ramin da take zaune ake ba ta.

Ga abin kunya. Kwana uku da tarewarta, ashe a ɗakinki nake kwana! Wayar HDMI na nan maƙale a ƙofarki ta sama, ni kuwa ina ta kukan kuɗina. Yaron shagon maƙwabta ne ya leƙa baya, ya zare ta ya soka a ƙofar amarya, ya ce Hajiyar ba ta fita sai an ɗaukar mata direba. Ke kuwa duk kwanakin nan ko tari ba ki yi ba.

Kayan faɗar kishiya dai na hure miki ƙurar hunturun bara, na kuma ba ki hutu. Ban sake ki ba, ko a BIOS ban rufe ƙofarki ba. Ran da ƙura ta shaƙe fankar amarya, wayar nan za ta hauro sama ta yi sallama, don da tsohuwar zuma ake magani. Ki dai amsa ba habaici.

Naki har kullum,
Maigida, mai tace bidiyon biki a Dutse