Makiran Westeros, Aji-Aji

Tun 1996 marubucin nan na Amurka, George R. R. Martin, ya fara fitar da jerin littattafansa na A Song of Ice and Fire, waɗanda aka mai da su fim ɗin Game of Thrones. Biyar sun fito, na baya-bayan nan a 2011, masu jiran na shida kuwa har wasu sun yi furfura. A ciki akwai dodanni masu aman wuta da matattu masu tashi su yi yaƙi, amma duk ba su kai fadawa masu murmushi ɓarna ba. Wazirin Magana Jari Ce da kansa, in ya je ƙasar Westeros, sai dai ya riƙe musu takalmi. Ga su nan aji-aji.

Kanwa uwar gami. Petyr Baelish ke nan, ma'ajin sarki, wanda ake wa laƙabi da Littlefinger. Ba shi da runduna, gadonsa 'yan duwatsu ne da tumaki a bakin teku. Jarinsa harshe. Shi ya zuga Lysa ta sa wa mijinta, waziri Jon Arryn, guba, ya kuma sa ta rubuta wa yayarta Catelyn cewa gidan Lannister ne suka kashe shi. Da aka kawo masa wuƙar da aka so a yanka yaro Bran, ɗan Catelyn, da ita, ko ƙifta ido bai yi ba ya ce ta Tyrion Lannister ce. Ƙarya biyu, ƙasa ta kama da wuta. Baitulmali na fama da bashin zinariya miliyan 6, shi kuwa ma'aji kullum sai ƙara sheƙi yake yi. Daga baya ya auri Lysa, ya hankaɗa ta daga ƙofar fadarta ta kan dutse, ya ce mawaƙinta ne ya yi. In ka bi sawun duk wannan, a ƙuruciya za ka tsaya: ya so Catelyn, aka ba da ita ga ɗan babban gida, ya nemi a kara, aka bar masa tabo. Samari da yawa an hana su budurwa sun haƙura. Shi ƙasa guda ya sa ta biya.

Mai kishin ƙasa. Varys, dandaƙaƙƙen bafade mai ƙamshin turare da tafiya ba motsi, wanda yara ƙanana ke kwaso masa zance ta cikin bango. Sarki huɗu ya yi wa aiki, ya rantse wa kowanne da amana. Kullum maganarsa talakawa da zaman lafiya. Amma da Kevan Lannister ya fara gyara mulki, Varys ya harbe shi da kibiya, yana ba shi haƙuri, yana bayyana masa cewa laifinsa kawai ya iya aiki. Ashe akwai yaron da yake reno a ɓoye don gadon sarauta.

Iya ba ruwanki. Olenna Tyrell, 'yar tsohuwa da sanda, wadda kowa ke ɗauka tsufa ne ke sa ta ɓaro zance. Ta sa wawan fada ya yi ta rera waƙa da ƙarfi don kada 'yan leƙen asiri su ji, ta tatsi Sansa, 'yar Catelyn, labarin halin Sarki Joffrey, wanda zai auri jikarta Margaery. Da ta tabbata angon jikarta azzalumi ne, ranar biki ta matso tana gyara wa Sansa adon kai, ta zare ƙwayar guba. Ango ya mutu a gaban mahalarta, aka kama Tyrion, jika ta auri ƙanen mamaci. Iya ta koma gida.

Mai riƙo. Walder Frey, ya haura shekara 90, yana kan matarsa ta takwas, yana karɓar kuɗin gada yana ƙirga waɗanda suka raina shi. Robb Stark, ɗan Catelyn, ya yi alkawarin auren 'yarsa ya saɓa. Tsoho ya ce ba komai, a ɗaura da kawunsa. Ya ba baƙi gurasa da gishiri, alamar amana, makaɗa suka ajiye kayan kiɗa suka ɗauki baka. Irin wannan in ya ce ya yafe, ka duba inda ƙofa take.

Mai dafa dutse. Doran Martell, yana zaune a keken marasa lafiya, shekara 17 yana ƙulla yadda zai rama kisan ƙanwarsa Elia. Ya ɓoye shirin har ga 'yarsa, ita kuma ta ƙulla nata ta kusa rusa nasa. Ɗan da ya aika neman auren Daenerys mai dodanni ya isa a makare, dodo ya babbake shi. Dutse bai dafu ba, itace ya ƙare.

Mai wayo a ganinta. Cersei, uwar Sarki Joffrey, wadda ta yarda duk duniya ba mai kaifin kanta. Don a yafe wa fada bashin kusan miliyan guda, ta ba malaman addini izinin riƙe makami, da nufin ta jefa surukarta Margaery a hannunsu. Suka kama surukar, suka haɗa da ita, suka aske mata kai, suka bi da ita tsirara cikin gari. Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere.

Saura mutum ɗaya, wanda ba don irinsa ba da duk waɗannan sun kwana da yunwa: Ned Stark, mijin Catelyn, mai gaskiya. Ya gano asirin Cersei cewa 'ya'yanta ba na mijinta sarki ba ne, ya je ya faɗa mata don ta tsere da 'ya'yanta. Baelish ya gargaɗe shi da bakinsa kada ya amince da shi, Ned ya ɗauka raha ce, ya damƙa masa sayen dogaran birni. Kansa ya biya.

Saboda haka mai karatu, in ka buɗe littattafan nan, kada ka tsaya sauraron rantsuwar kowa. Duk inda gawa ta faɗi, duba wanda aka ƙara wa sarauta washegari.