Ludayi Mara Gindi da Farar Shaddar Surukina

Yanzu haka da nake wannan rubutu rigar tana wurin mai wanki da guga, ni kuwa ko inuwar gidan surukaina ba na son takawa.

Wata uku ke nan da na sayo injin espresso na gwanjo. Ƙa'idar aikin ba ta da yawa: giram 18 na niƙaƙƙen kofi, ruwa mai zafin digiri 93 ya ratsa shi da matsi ninki tara na iskar da muke shaƙa, giram 36 ya zubo cikin sakan 25 zuwa 30. Tun 1961 da injin Faema E61 ya fito da famfon lantarki Italiyawa suke yin espresso da irin wannan matsi da ido a rufe. Nawa kuwa sakan 11 ya gama tsiyayewa, tsami kamar jiƙon tsamiya. Tsami na nufin ruwa ya wuce da gudu bai kwaso daɗin ba. Na ƙara laushin niƙa, ya ɗauki sakan 50, ya fito kamar ruwan maɗaci. Daga baya sai na riƙa samun tsami da ɗaci a kofi guda, alamar ruwan ya sami ɓaraka a cikin garin, yana bin hanya ɗaya yana barin sauran a bushe. In kana son ganin ɓarakar da idonka, sai ka sayi ludayin ƙarfen nan na riƙe garin kofi, wanda aka yanke masa gindi, kwandon garin ya fito fili. Na saya.

Ranar Juma'a na ɗaura shi karo na farko. Hunturu ya kankama, iska ta bushe, garin kofi yana manne wa injin niƙa yana dunƙulewa. Na san maganin: ɗigon ruwa ɗaya a kan ƙwayoyin kafin niƙa, sannan a warware garin da siraran allurai, a danne shi daidai ba karkata. Ina cikin dannawa na ji sallamar Baba, mahaifin matata. Hannuna ya goce. Na ga ya goce, na ce ai ba kome.

Ya biyo ne a kan hanyarsa ta masallaci, cikin farar shadda mai aikin hannu, sai ƙamshin turare. Shekara shida da aurenmu ban taɓa haɗa ido da shi ba. Matata, Allah ya saka mata, ta ce, "Baba, ku zo ku ga injin da ya hana mu barci." Ni ma da bakina na ce daga ƙasa ake kallo. Dattijo ya tattare hannun riga, ya sunkuya.

Na danna maɓalli.

Sakan huɗu, ɗigo ya fara tsattsafowa, baƙi, mai kyau. Har na fara murmushi. Sakan shida, wani siririn ruwa kamar allura ya ɓalle daga gefen kwandon, ya ƙi ƙasa, ya miƙe a karkace, tsiiit, ya sauka daidai bakin aljihun Baba. Ya ja layi zuwa wuyan riga a hankali, kamar mai sa hannu a takardar fili. Na biyu ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya nufi gemu.

Maɓallin yana nan gaban hancina. Ban taɓa shi ba. Tafin hannu na sa na tare, ruwan ya ƙone ni, na yarfe, yarfewar ta raba abin da ya rage a kan hularsa da kafaɗarsa. Abin da ya fi damuna in na kwanta da dare shi ne, a tsakiyar wannan masifa sai da na saci kallon sikeli. Giram 22. Ina ganin Baba ya ga na kalla.

Bai ce da ni uffan ba. Ya miƙe, ya dubi ƙirjinsa, ya juya wurin 'yarsa.

"Ki gaya wa maigidan naki tukunyarsa tana yoyo. Gindinta ya fita. Akwai mai walda a bakin layinmu."

Na ce, a ladabce, kaina a ƙasa, ai da gangan aka yanke shi.

"Ki tambaye shi nawa ya biya aka yanke."

Matata ta ba shi labarin tsamin da nake fama da shi. Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta. "Ruwa ba ya tsami banza. Ya jefa 'yar kanwa. Ko kuwa ya zuba a buta da citta da kanumfari, ya bar shi ya tafasa sosai. Gahawar da muka sha a Madina ba wanda ta bi da gudu." Ya ɗaga kofin, ya leƙa ciki, ya ga abin bai kai kurɓa biyu ba. "Sauran fa?"

Sauran yana jikinsa.

Da kaftanina ya tafi masallaci, hannun ya tsaya masa a gwiwar hannu. Bayan la'asar yaro ya yi sallama da ƙullin kanwa ungurnu a leda, da lambar mai walda a bayan takardar magani.