Yadda za ka ajiye tafsiri a wayar Hajiya ya kwana lafiya

Duk mai rubuta manhajar sauraron tafsiri don mutanen Nima da Maamobi a Ghana ya san yadda ake sauko da fayil. Mu wuce wannan, mu je inda ake kuka.

Na ɗaya, rage nauyi. Awa guda ta MP3 a kan kilobit 128 tana cin kusan megabait 58. Mayar da ita Opus a kan 24, za ta dawo kusan 11, muryar malam kuma tas. Da Opus ɗin WhatsApp ke aika saƙon murya. Wanda ya sayi datar sidi biyar da momo zai yi maka addu'a.

Na biyu, saukewa za ta yanke, a cikin motar trotro ko a tsakiyar dumsor, wato ɗaukewar wuta. Aika wa sabar umarnin Range, ta ci gaba daga inda aka tsaya.

Na uku, don girman Allah kada ka ajiye sauti a cache. Nan raina yake ɓaci. Android na da ikon share wurin da zarar waya ta cika, kuma yaushe Tecno ko itel mai gigabait 32 ba ta cike da bidiyon biki da na suna? Ga jika kuma ya zo, ya danna manhajar shara, ya ce, "Hajiya, na gyara miki waya." Satin nan wata uwa a layinmu ta miƙo mini tata, gilashin a tsage, an ɗaure murfin da roba, ta ce, "Ɗana, ina malamina ya tafi?" Karatun azumi guda, wanda ta tara dare bayan dare da kuɗin kokon da take sayarwa, ya tafi saboda wani mai manhaja ya yi ƙyuyar rubuta layi biyu. Ajiye sauti a can kamar shanya gari ne a bakin kwatar Nima da damina. Wallahi na kwana ina jin haushi.

Ina muka tsaya? Na daina ƙirga. Tun Android 10 a 2019 aka ƙuntata inda manhaja za ta iya rubutu. Abin da ka sa a ɗakin manhajarka yana tafiya ranar da aka goge ta, don haka in kana so Hajiya ta tura wa aminiyarta ta Xender, bi ta MediaStore. Sa wa fayil sunan sura da rana. Riƙe mintin da ta tsaya lokacin da aka kira sallah.

Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, ana cikin azumi, Ghana ta yi kwanaki tana jan ƙafa. Manhajar da ba ta buɗewa sai ta gaisa da sabar ta zama hoto. Don haka gwada taka: je Tip Toe Lane a Circle, sayi tsohuwar waya mafi arha, cika ta da bidiyo, kashe data, sannan ka danna tafsirin ka ji.